Wushiryar Matan Sabon Gari

Shekara goma sha ɗaya Ƙauna Henry ta yi a Turai. Ta koyi likitancin haƙori, ta yi aiki a ƙarƙashin wasu, sannan ta ƙware a fannin daidaita jerin haƙora, inda ake ɗaura wa mutum waya a baki har haƙoransa su miƙe su jeru. Daga nan ta shiga digirin digirgir. Wannan digirin ne ya dawo da ita Zariya, ba kewar gida ba.

Abin da take bincike a kai ba shi da wuyar faɗa. Duk ma'aunin da likitoci ke dubawa su ce haƙorin wane ya cika faɗi, na wance ya cika siranta, a bakin Turawa aka auno shi. Ita tana so ta auno na mutanen garinsu. Farfesar da ke duba aikinta a can ta yarda. Aka ba ta shekara huɗu, da izinin auna mutum ɗari uku, maza da mata, 'yan shekara sha takwas zuwa talatin.

Ta sauka a gidan mahaifinta a Samaru. Malam Henry ya rasu tana aji huɗu a jami'a, mahaifiyarta ta riga shi da shekara biyu, yayanta ɗaya tilo yana Fatakwal da iyalinsa. 'Yan haya sun cika sauran ɗakunan, ɗalibai ne duka, su gaishe ta da "Dakta" su wuce. Ta ɗauki ɗakin tsohon, ta kwashe littattafansa ta zuba a kwali, ta bar kantocin fayau.

A kan kantocin nan aikin ya taru. Duk wanda ya zo, sai ta cika wani ɗan faranti da kwaɓi mai laushi, ta danna masa a baki minti biyu, ta cire da shatin haƙoransa. Ta zuba filasta, wani farin gari da ake damawa da ruwa, a cikin shatin. Idan ta bushe, sai ga haƙoran mutum fari fat, ba leɓe ba harshe. Ba ta rubuta suna, lamba kawai. Cikin shekara biyu da rabi ɗakin ya cika da baki ɗari uku. Su take fara gani da safe. A gabansu take cin abinci, yawanci a tsaye.

Mutanen ba ita ta samo su ba. Mama Tabitha ce, shugabar zumuntar mata ta cocinsu a Sabon Gari, ƙawar mahaifiyarta tun suna 'yan mata. Lahadin farko da Ƙauna ta je coci, Mama Tabitha ta kama haɓarta a bakin ƙofa, ta juya fuskarta wajen haske.

"Buɗe in gani. Ina wushiryar uwarki?"

"Na rufe ta, Mama."

"Kika yi me?"

"A makaranta ne. Muna koyon aikin a kan junanmu, ni kuma na ba da bakina."

"Abin da wasu ke roƙon Allah ya ba 'ya'yansu." Ta saki haɓar. "To, Baturiya. Sannu da zuwa."

Sunan ya bi ta. Duk da haka Mama Tabitha ta yi mata abin da ba wanda zai iya. Ta bi coci-coci, ta shiga shagunan ɗinki da na kitso, ta aika wa masu gareji a Chikaji, ta rantse wa iyaye cewa ba wanda zai yi wa ɗansu asiri da shatin bakinsa. Yarbawa, Ibo, Bajju, Hausawa, duk suka zo. Kowa ya zauna, Ƙauna ta karanta masa tambayoyi talatin da biyu da ta fassaro daga takardar sashensu na can. An taɓa cire maka haƙori? An taɓa sa maka waya? Ka taɓa faɗuwa haƙori ya karye? Ka tsotsi yatsa kana yaro?

Sai awo. Ma'auninta ɗan ƙarfe ne mai baki biyu, yana nuna har kashi ɗaya cikin goma na milimita. Kowane haƙori sau biyu, a ranaku daban. A nan abin ya fito.

Cikin maza ɗari da hamsin, sha tara ke da wushirya. Cikin mata ɗari da hamsin, hamsin da takwas. Kuma a yawancin matan nan, haƙoran gaba biyu na sama sun fi na kowa siranta da kusan rabin milimita kowanne. Ta duba duk inda za ta duba, ba ta ga wanda ya taɓa rubuta irin wannan ba: al'ummar da matanta kaɗai ke gadon siraran haƙoran gaba. Farfesa, wadda ba ta cika wuce layi biyu ba, ta aiko da imel mai shafi guda. Babi uku na kundin digirinta suka hau kan wannan rabin milimita. Aka tura muƙala wata mujalla. Aka sa ranar kare kundi, sha biyu ga Satumba.

A watan Yuni Farfesa ta ce a kwafi guda ashirin mafi kyau cikin na mata masu wushirya a aiko, masu jarrabawa za su so su riƙe a hannu. Injin gyara filasta na asibitin da Ƙauna ke zuwa ya daɗe da tsayawa. Wata nas ta ce mata ta je wurin Baba Paschal.

An yi ruwa da safe. Ta hau keke-napep daga Samaru, kwali a cinya, ta Palladan, ta Kwangila, har bayan kasuwar Sabon Gari. Shagon yana tsakanin mai sayar da batir da mai ɗinkin katifa. A jikin allonsa an zana baki yana dariya, ruwan shekaru ya wanke rabinsa. Baba Paschal Okechukwu ya haura saba'in. A Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ba shi da wani yare. Haƙoran roba yake yi wa tsofaffi tun ba a haifi Ƙauna ba.

"Ke ce 'yar Malam Henry? Mai tara bakunan mutane?" Ya ture kofin shayi gefe. "Kawo mu gani."

Ya shimfiɗa jarida, ya fara fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Ya yaba zubin, ya ce ba kumfa ba tsaga, wanda ya koya mata ya iya. A na huɗu ya tsaya. Ya ɗaga tabarau kan goshi, ya bi gefen haƙorin gaba da farcen babban yatsa. Ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Kai. Tana nan daram."

"Mece ce, Baba?"

"Wannan aikina ne."

"A'a, ni na zuba shi. Duka ni na zuba."

"Ba filastar ba, Dakta. Wushiryar."

Ya jawo aljihun tebur, ya fito da wasu siraran ƙarafa, kowanne bai fi faɗin tsinken tsintsiya biyu ba, gefe ɗaya kaushi gefe ɗaya santsi.

"Da wannan nake buɗewa. Kaɗan a nan, kaɗan a nan. Sai in bi da mai laushi in zagaye kusurwar, in goge har harshe ba zai ji komai ba. Mai gaggawa ne ke barin gefe a miƙe kamar an yanka sabulu. Ni ba na gaggawa."

Ya ci gaba da fitarwa, amma yanzu gida biyu yake yi. Wasu dama, wasu hagu. Da kwalin ya ƙare, sha huɗu ne a dama.

Ƙauna ta nemi kujera ta zauna.

"Tun yaushe kake yi?"

"Shekara arba'in da 'yan kai. Uwa ta zo, 'yarta ta girma ta zo."

"Maza fa?"

"Namiji ya yi me da ita? In na samu ɗaya a shekara biyar, da ƙyar."

"Na duba bakin kowacce da idona."

"Da fitila da ɗan madubi, na sani. Ruɓa kike nema da karaya. Ba ki nemo ni ba."

"Ba wadda ta faɗa mini."

"Kin tambaya?"

Ta bi tambayoyin a kanta tun daga ta ɗaya har ta talatin da biyu. Akwai ta tsotsan yatsa. Akwai ta busa sarewa, domin a can an gano masu busa tun suna yara haƙoransu kan turo gaba. Ba wanda ya yi tunanin mutum mai lafiyayyen haƙori zai kai shi a kankare. Ita ma ba ta yi ba, ita da aka haifa a nan.

Ta bar masa kwalin ta koma Samaru. Rana ta fito bayan ruwan. Ta ja tebur bakin taga, ta ɗauko gilashin ƙara girma, ta sauko da wani mai wushirya daga kan kantocin. Ta daɗe tana juya shi. Sai ta gani: can kusa da dasashi, inda ƙarfe ba ya iya lanƙwasa, akwai ɗan wuri shafaffe, bai kai ƙwayar gero ba. Ta ɗauko wani, ga shi nan. Sau biyu ta auna kowannensu, ƙarfen ma'auninta ya zauna a daidai wurin, ba ta gani ba.

Washegari ta kai masa sauran talatin da takwas. Ya rufe ƙofa rabi, ya sa tabarau, ya raba su kamar mai tsince wake. Gaba ɗaya, talatin da ɗaya nasa ne. Shida kuma ya tattara gefe guda yana girgiza kai.

"Waɗannan na marigayi Bamidele ne na Jushi, Allah ya ji ƙansa. Mutumin kirki, amma hannunsa nauyi. Dubi wannan. Kamar da gatari."

Saura ashirin da ɗaya, waɗanda ya ce na Allah ne. Ta auna su a nan kan teburinsa. Faɗinsu daidai da na kowa. Mata ashirin da ɗaya, maza sha tara. Ba wani abin rubutawa.

"Baba, za ka rubuta mini wannan? Layi biyu kawai, ka sa hannu."

"A'a."

"Ba zan kai ka ƙara ba."

"Na sani. Amma takardata ta haƙoran roba ce, ba ta taɓa haƙori mai rai ba. Wannan ɗaya. Na biyu, 'yan matan nan sun zo ne ta ƙofar baya. Wasu yanzu matan manya ne. Sunana ba zai tafi Turai ya dawo ya tsaya a ƙofar gidajensu ba."

"Lamba ce a jiki, ba suna ba."

"Sabon Gari ne nan, Dakta. In aka ce Paschal ya buɗe wa mata talatin da ɗaya cikin waɗanda Tabitha ta kawo, kafin Lahadi an gama lissafa su." Ya dube ta ta saman tabarau. "Ke me ya dame ki? Ban faɗa wa kowa ba shekara arba'in. Ba yanzu zan fara ba. Turawan naki za su gane?"

"Ba za su gane ba."

"To. In kwafa miki ashirin ɗin?"

Ta ce ya dakata tukuna.

Daga nan gidan Mama Tabitha ta nufa, tafiyar minti goma a ƙafa, tana tsallake kwatami. Ta same ta a baranda tana ɓare agushi a faranti. Ƙauna ta gaishe ta, ta zauna a ƙaramar kujera, ta faɗi abin da ya kawo ta ba tare da kwana-kwana ba. Tana so a sake kiran mata hamsin da takwas, ta yi wa kowacce tambaya ɗaya a keɓe.

Mama Tabitha ba ta daina ɓarewa ba.

"Wace tambaya?"

"Ko da ita aka haife ta, ko buɗewa aka yi."

"Ke! Wa ke yi wa mace wannan tambayar?"

"Likita."

"Likita ta tambayi inda ke ciwo. Akwai wadda mijinta har gobe yana yabon wushiryarta a gaban baƙi, yana cewa da ita ta kama shi. Ya haifi 'ya'ya mata uku yana jiran ta fito a bakinsu. Ke ce za ki je ki zauna a falonsa da biro?"

"Ba a gabansa ba."

"Ko a cikin rijiya kika tambaye ta, za ta ce miki ta Allah ce. Ni ma haka zan ce mata ta ce."

"Mama, kin san da wannan tun farko?"

"Wa bai sani ba?"

"Ni."

Sai a lokacin Mama Tabitha ta ɗago.

"Na zaci shi kike aunawa."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ke da kika yi shekara sha ɗaya kina karatun baki? Ni Tabitha, da ko sakandare ban gama ba, in gaya miki abin da ke cikin baki? Ai da kin tsaya an yi hira da ke bayan sujada, da kin ji. Amma ke ana cewa amin kin kai titi."

Ƙauna ta dube ta. Idonta ya sauka a kan wushiryar Mama Tabitha, mai faɗi, tsaf a tsakiya. Mama Tabitha ta rufe bakinta, ta koma kan agushinta.

"Ki gaida gida," in ji ta, ko da yake ta san Ƙauna ba ta da kowa nata a gidan.

Kwana uku Ƙauna ba ta buɗe kwamfuta ba. Ta je asibiti, ta ƙara wa yara biyu ƙarfin wayar haƙori, ta dawo. Ta wanke kayan da ba su yi datti ba. Ta kira yayanta, ya ce yana tuƙi, zai kira, bai kira ba. Ba wanda za ta faɗa wa da zai gane girman rabin milimita, sai mutum ɗaya, Farfesa, ita kuwa ita ce ba ta so ta faɗa wa.

Ta auna abin ba tare da ta yi wa kanta wa'azi ba. Idan ta yi shiru, jadawalin awonta zai shiga mujalla, daga can ya shiga littafi. Wata rana wani likita a wata ƙasa zai yi wa wata 'yar nan haƙorin gaba, ya duba jadawalin, ya rage masa faɗi kaɗan. Ba wanda zai mutu. Wataƙila ma ba wanda zai lura. Amma ranar sha biyu ga Satumba za ta tsaya gaban mutum biyar, ɗayansu ya ɗaga filastar da Baba Paschal ya ajiye a dama, ya tambaye ta me take ganin ya jawo wannan. Za ta buɗe baki ta ce gado ne. Ta gwada faɗin haka da ƙarfi a ɗakin, da Turanci, a gaban kantocin. Ya fito lafiya lau. Wannan ne ya tsorata ta.

A rana ta huɗu da hantsi ta rubuta imel. Layi shida. Ta karanta sau ɗaya ta tura.

Farfesa ta kira ta ta bidiyo ranar Litinin. A bayanta taga ce da sararin sama mai toka. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ba. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma yi lallashi ba.

"Mutumin zai rubuta?"

"A'a."

"Matan za su amsa?"

"A'a."

"To me kike da shi?"

"Ɗan wuri shafaffe kusa da dasashi."

"Wanda wani zai ce kumfar filasta ce, ko goge-gogen asuwaki." Farfesa ta cire tabarau ta murza ido. "Kin gane inda kike? Ba za ki iya kare sakamakon ba, domin kin san ba gaskiya ba ne. Ba kuma za ki iya rubuta dalilin ba, domin ba ki da hujja. Na yarda da ke. Masu jarrabawa ba aikinsu ba ne su yarda da ke."

"Me zai ishe su?"

"Haƙori guda, an auna kafin a kankare, an auna bayan an kankare. Mutum talatin aƙalla. Sannan ki nuna alamar da ya bari ita ce a kan filastarki. In kin samu haka, kina da kundi, wataƙila ma wanda ya fi na farko. In ba ki samu ba, ba ki da komai." Ta mayar da tabarau. "Yau zan janye muƙalar. Satumba ta tashi. Tallafinki zai ƙare a Disamba, ba ni da ikon tsawaita shi. Rajistarki zan iya riƙe miki ita shekara biyu. Bayan nan ba hannuna."

"Na gode."

"Kada ki gode mini. Ni na ba ki takardar tambayoyin."

Allon ya yi duhu. A tsakar gida wata ɗaliba tana wanki tana waƙa.

Sabon izini ya ɗauki wata huɗu. Kwamitin da ke ba da izinin bincike ya mayar da takardar sau biyu. A ƙarshe suka yarda da sharaɗi uku: ba za ta nemo kowa ba, sai wadda ta zo da ƙafarta, za ta faɗa wa kowacce illar abin tun kafin a fara, ba kuma za ta taɓa ƙarfen da hannunta ba. Baba Paschal ya fi su sauƙi. Ya ce muddin sunansa da na titinsa ba su shiga takarda ba, ga benci nan.

"Zan faɗa musu kada su yi," in ji ta.

"Faɗa musu. Ni ma ina faɗa musu."

Ta karɓi ƙarin ranakun aiki a wani asibitin kuɗi don ta riƙe kanta. Talata da Asabar kuwa tana bencin Baba Paschal daga tara zuwa huɗu, jaka a cinya. Tsofaffi su zo a gwada musu haƙoran roba, su gaishe ta, su tambayi Baba da Ibo ko da Yarbanci wace ce wannan. Mai batir ya zaci 'yar haraji ce, ya yi sati biyu ba ya amsa gaisuwarta. Oktoba ta wuce ba wadda ta zo.

Asabar ta biyu a Nuwamba, wajen sha ɗaya, wata budurwa ta leƙo ta ƙofar baya. Doguwa, da almakashi a aljihun riga da zare manne a kafaɗa. Ta ga Ƙauna ta ja baya.

"Shigo, Oluwatoyin," in ji Baba Paschal. "Likita ce. Ba ta cizo."

Ƙauna ta yi mata bayani a tsaye. Ta ce farin da ke rufe haƙori ba ya tsirowa in an kankare. Ta ce ruwan sanyi zai iya riƙa tsira mata har tsufa, ruɓa kuma ta fi saurin kama wurin. Ta ce haƙoranta lafiyayyu ne, jerarru, irin waɗanda wasu ke ɗaura waya shekara biyu don su samu.

Oluwatoyin ta saurara tana kallon ƙasa.

"Anti, kin gama?"

"Na gama."

"Bikina saura sati biyar. Duk 'yan gidanmu suna da ita, ni kaɗai aka tsallake. A hoto sai ka ce 'yar riƙo." Ta dubi takardar da ke hannun Ƙauna. "Za ki rubuta sunana?"

"A'a. Lamba."

"Mijin da zan aura zai gani?"

"Ba zai gani ba. Amma ai ya san bakinki."

"Yana Legas tun bara. Zan ce masa da ma tana nan, ƙara buɗewa ta yi." Ta zauna a kujerar, ta gyara zani. "Auna da sauri, Anti, na bar ɗinkin mutane."

Ta sa hannu. Ƙauna ta ɗauki shatin, ta jira minti biyu, ta cire. Ta sa ma'auni a baki kai tsaye. Na dama milimita takwas da ɗigo shida. Na hagu takwas da ɗigo biyar. Ta rubuta.

Baba Paschal ya wanke hannu ya jawo aljihun tebur. Ƙauna ta fita ta tsaya a bakin titi. Duk da ƙarar mashina da rediyon mai katifa, tana jin sautin ta cikin labule, ƙaramin ƙurz-ƙurz, ya tsaya, ya ci gaba. Hannunta ɗaya ya riƙe ɗayan. Kankarewar ta ɗauki minti arba'in.

Da ya kira ta, Oluwatoyin tana riƙe da madubi, tana juya kai hagu da dama, tana murmushi ta rufe, ta sake. Aikin ya yi kyau. Ƙauna ta ga haka, ba ta faɗa ba. Ta sake ɗaukar shati, ta sake aunawa. Takwas da ɗigo ɗaya. Takwas cif. Ta duƙa da fitila ta duba kusa da dasashi. Ga shi nan, bai kai ƙwayar gero ba.

Budurwar ta fita ta inda ta shigo.

"Nawa ke zuwa a wata, Baba?"

"Da can har biyar. Yanzu yaran sun koma son waya irin taku. Ɗaya, biyu. Gab da Kirsimeti sukan ɗan ƙaru." Yana goge ƙarfen da auduga. "Nawa kike nema?"

"Talatin."

"Cikin?"

"Wata ashirin suka rage."

Ya ɗan yi lissafi da leɓe, ya ɗaga kafaɗa.

"In Allah ya bar ni da idona."

Ta naɗe shatin biyu a jiƙaƙƙen ƙyalle, ta sa a roba, ta rubuta lamba a murfi. Ƙarfe ɗaya bai yi ba tukuna. Ta koma benci ta zauna, jaka a cinya, tana fuskantar ƙofar baya. Saura ashirin da tara.